Ɗan maɓallin da ka raina

Duk ɗalibin da ya kai ajin ƙarshe a sakandare ya san cewa a yau makomar mutum ta cikin fom take bi. Rajistar WAEC fom ce, ta NECO fom ce, ta JAMB ma haka. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, daga 2021 kuma ta wajabta lambar NIN ga duk mai son yin rajista. A ƙasan kowane fom akwai wasu 'yan akwatuna biyu ko uku, kowanne ɗauke da kalma guda ta Turanci. Su ne maɓallai. Mutum zai shafe rabin awa yana cike fom a tsanake, amma maɓallin ko daƙiƙa biyu ba zai ba shi ba. Alhali kuwa shi ne mai yanke hukunci: ko a adana abin da aka rubuta, ko a tura shi inda ba ya dawowa, ko a goge shi baki ɗaya.

Mu huɗu ne, mata biyu maza biyu. Biyu daga Bodinga, biyu daga Shagari, garuruwan da ke kan titin da ya tashi daga Sakkwato ya nufi Tambuwal da Jega. Mun haɗu a ajin koyon kwamfuta bayan mun gama sakandare, muna jiran gurbin karatu. Da hannunmu ya fara faɗawa, sai muka ɗauki wani aiki na sa kai: mu gina wa makarantu biyu, ɗaya a yankin Bodinga ɗaya a yankin Shagari, jadawalin makin ɗalibai a shafin intanet, wanda malami zai iya buɗewa a wayarsa ya shigar da maki ko ya gyara. Mun ɗauka jadawalin ne zai ci mana lokaci. Ashe maɓallai ne. Abin da muka koya a kansu shi muke son mu raba da 'yan uwanmu masu karanta wannan shafi, musamman waɗanda suka fara taɓa harkar gina manhaja.

Yadda abin yake

Jadawalin maki ba baƙon abu ba ne ga kowa. Shi ne wannan faffaɗar takarda da malamin aji ke shimfiɗawa a kan tebur ƙarshen zango: sunaye a jere daga sama zuwa ƙasa, darussa daga hagu zuwa dama, makin gwaji da na jarrabawa a kowane gida. A makarantun da muka yi wa aiki, gwaji na da maki 30, jarrabawa 70. Na intanet ma haka yake, sai dai idan ka taɓa layin ɗalibi, wani ɗan fom zai buɗe da bayanansa, ka gyara, sannan ka danna maɓalli.

Ba sai mutum ya gina komai daga tushe ba. Akwai kayan aikin da wasu suka riga suka rubuta. Ɗaya daga cikin sanannu shi ne DataTables, wanda wani masani mai suna Allan Jardine ya ƙirƙira a ƙasar Sikotilan, kuma kyauta ake amfani da shi. Yana da wani ƙari mai suna Editor, wanda shi ke kawo fom ɗin gyara, amma shi sayensa ake yi. Akwai kuma Tabulator, shi kyauta ne, kuma ana iya gyara bayani a cikinsa kai tsaye. Irin waɗannan kayan aiki suna zuwa da maɓallansu na asali da Turanci, domin an yi su ne don duniya baki ɗaya. Amma masu su sun bar ƙofa a buɗe. Kowane maɓalli abu uku ne ya haɗa shi: rubutun da ke jikinsa, kamanninsa, da aikin da zai yi idan an danna shi. Duk ukun kana iya sauya su da 'yan layukan JavaScript da CSS da ba su kai goma ba. Wahalar ba a rubuta layukan take ba. Tana wajen sanin abin da ya kamata a rubuta.

Don haka kafin mu sauya komai, sai muka kai jadawalin yadda yake wurin malaman da za su yi aiki da shi, muka zauna muna kallo. Wani dattijon malami da ya fi shekara 20 yana koyarwa ya shigar da makin yaro tsaf, sannan ya tsaya da yatsansa a sama, ya dube mu.

"Ɗiyana, in na taɓa wanga, mi ka faruwa?"

Muka ce, "Malam, adanawa zai yi."

Ya ce, "To don mi bai ce hakanan ba?"

Wannan tambaya ta Malam ita ta zama ma'auninmu. Duk maɓallin da mai amfani da shi zai tambayi wani kafin ya danna, bai gama aikinsa ba.

Kalma

Farkon abin da muka sauya shi ne rubutu. Wani zai ce ai fassara ce kawai, a ɗauki ƙamus a gama. Ba haka ba ne. Ɗauki kalmar "share". A wayoyinmu, idan Bature ya rubuta ta, yana nufin ka tura wa wasu. Bahaushe kuwa idan ya karanta waɗannan haruffa biyar da harshensa, abin da ya gani shi ne a kawar, a goge. Harafi ɗaya bai bambanta ba, amma ma'anar ta yi hannun riga. A shafin da Hausa da Turanci ke cakuɗe, wannan kalma tarko ce, saboda haka muka haramta wa kanmu ita. Inda ake nufin kawarwa muka sa "Goge", inda ake nufin turawa muka sa "Tura".

Haka "Cancel". Da farko "Soke" ce ta zo mana a baki. Sai wata Malama ta tambaye mu: me za a soke, gyaran da ta fara ko sunan yarinyar? Gaskiyarta. A makaranta, idan aka ce an soke sunan ɗalibi, kowa ya san abin da ake nufi. Muka koma kan "Fasa gyara". Kalma biyu, amma ba sauran shakka.

Daga nan muka kafa wa kanmu doka: kowane maɓalli ya faɗi aikin da abin da za a yi wa aikin. Ba "To" ba, ba "Ee" ba. "Adana maki". "Ƙara ɗalibi". "Tura wa shugaban makaranta". Maɓallin ya ɗan ƙara tsawo, amma mai dannawa ya san inda ya sa ƙafarsa. Mun kuma tabbatar shafin yana kan tsarin UTF-8, don ƙ da ɗ da ɓ su fito daidai, kada "Ƙara" ta koma alamar tambaya a wayar wani.

Ba mu ne farkon masu wannan tunani a ƙasarmu ba. A Sifawa da ke ƙaramar hukumar Bodinga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, kuma shi da iyalansa, ciki har da Nana Asma'u, sun yi rubutu da Larabci, amma sun yi da Fulfulde da Hausa don saƙo ya kai ga wanda aka yi dominsa. Alhaji Shehu Shagari, kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979, malamin makaranta ne, kuma ya tsara Waƙar Najeriya da Hausa don yara su san ƙasarsu cikin sauƙi. Idan manya sun sauko da ilimi zuwa harshen mai koyo, mu da maɓalli kawai muke rubutawa ba mu da uzuri.

Wuri da girma

Abu na biyu shi ne inda maɓalli yake zaune. Yawancin malamanmu ba da kwamfuta suke aiki ba, da waya ce, wani lokaci mai tsagaggen gilashi, a tsakar rana da haske ke dukan fuskarta. Babban yatsa ba shi da tsinin alƙalami. Idan "Adana" da "Goge" suna manne da juna, wata rana dole yatsa ya zame.

Masana sun daɗe da auna wannan. Tun 1954 wani masani ɗan Amurka, Paul Fitts, ya nuna cewa saurin da hannu ke kaiwa ga abu ya dogara da nisan abin da kuma girmansa. Kamfanin Apple na ba masu gina manhaja shawarar kada abin taɓawa ya gaza ma'auni 44 a tsawo da faɗi, Google kuma 48 a nasa ma'aunin. Muka ɗauki wannan ilimi muka yi amfani da shi ta fuska biyu. Maɓallin da ake bukata kullum, wato "Adana maki", muka yi shi babba, a ƙasa ta dama inda yatsa ke sauka da kansa. Mai haɗari kuwa muka ƙanƙanta shi, muka kai shi can ɗaya gefen. Abin da kake so a yi, kawo shi kusa. Abin da kake tsoro, sa a yi tafiya kafin a same shi.

Launi ma mun sa: kore ga adanawa, ja ga mai haɗari. Amma ba mu dogara da launi kaɗai ba, don akwai mutanen da idonsu ba ya bambance ja da kore, kuma a cikin rana kowane launi dusashewa yake yi. Rubutu da wuri su ne ginshiƙi, launi ƙari ne.

Akwai wani maɓalli da muka cire gaba ɗaya. A harshen HTML akwai wanda ake kira "reset", aikinsa shi ne ya mayar da fom yadda yake tun farko, duk abin da ka rubuta ya tafi. Mun zauna mun yi ta tunanin ranar da malami zai bukaci wannan, ba mu samu ba. Gyaran maɓallai ba ƙari ba ne kawai, har da ragi.

Aiki

Abu na uku shi ne abin da ke faruwa bayan an danna. Malamin da ke da ɗalibai 60 a aji, idan sai ya adana, fom ya rufe, ya nemo suna na gaba, ya sake buɗewa, to sau 60 zai yi wannan zagaye a darasi ɗaya kacal. Gajiya ce ke haifar da kuskure, a nan ne 71 ke komawa 17. Sai muka ƙirƙiri maɓallin da bai zo da kayan aikin ba: "Adana, kawo na gaba". Dannawa ɗaya, makin ya shiga, fom ɗin ɗalibi na gaba ya buɗe, alamar rubutu na jira a gidan maki. Muka kuma sa maɓallin ya duba kafin ya karɓa: idan makin gwaji ya haura 30 ko na jarrabawa ya haura 70, zai tsaya ya nuna gidan da matsalar take.

Sai batun sabis. Duk wanda ya bar cikin gari ya nufi ƙauyukan Danchadi ko Kajiji ya san yadda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Malami zai danna, shiru. Ya sake dannawa, shiru. Ya danna na uku. Da sabis ya dawo, sai saƙo uku su tafi, yaro ɗaya ya zama uku a rajista. Maganin ba wuya: da zarar an danna, maɓallin ya kulle kansa, rubutunsa ya koma "Ana turawa, a ɗan jira". Idan ya isa ya ce "An adana". Idan bai isa ba ya ce "Bai tafi ba, sake gwadawa", kuma kada abin da aka rubuta ya ɓace. Shiru shi ne babban laifin maɓalli. Ko a gida, idan ka aiki yaro, kana son ya dawo ya ce maka ya isar.

Darasi daga Tokyo

Kada wani ya zaci wannan matsalar ƙauye ce ko ta waɗanda ba su saba da na'ura ba. A ranar 8 ga Disamba 2005, wani ma'aikacin kamfanin Mizuho Securities a Japan ya so ya sayar da hannun jari 1 na kamfanin J-Com a kan yen 610,000. Sai lambobin suka sauya gida: ya tura umarnin sayar da hannun jari 610,000 a kan yen 1 kowanne. Na'urar ta nuna gargaɗi, aka wuce shi. Da aka farga aka nemi janye umarnin, tsarin kasuwar hannun jari ta Tokyo bai karɓi janyewar ba. Kamfanin ya yi asarar kimanin yen biliyan 40, shugaban kasuwar kuma ya sauka daga muƙaminsa.

Abu biyu muka ɗauka daga wannan. Na farko, gargaɗin da ke fitowa kullum, ido na sabawa da shi har ya daina ganinsa. Idan kowane dannawa sai an tambaye ka "Ka tabbata?", hannunka zai riƙa amsawa kafin ƙwaƙwalwarka ta karanta. Na biyu, hanyar komawa baya ta fi gargaɗi daraja. Saboda haka muka rage tambayoyin tabbatarwa zuwa wurare biyu kacal, kuma muka sa su yi magana dalla-dalla. A ajin da ke da Abubakar uku da A'isha huɗu, tambayar "Ka tabbata?" ba ta da amfani. Tamu tana kawo sunan ɗalibi, sunan mahaifi, aji da lambar shiga makaranta, maɓallan amsa kuma su ce "Ee, cire shi" da "A'a, bar shi". A sauran wurare, bayan kowane gyara, wani ɗan maɓalli na fitowa na ɗan lokaci: "Mayar da yadda yake".

Maɓallin da ya fi ɗaukar mana lokaci

Mun shafe kusan mako muna muhawara a kan "Goge". A tunanin na'ura, ɗalibin da ya daina zuwa layi ne da ya cika wuri, sai a cire. Amma mu 'yan nan ne, mun san yadda abin yake. Yaro na iya ɓacewa daga aji da faɗuwar damina saboda aikin gona, ya dawo bayan kaka. Wani ya bi dabbobi. Wata rashin lafiya ta kwantar da ita zango guda. Wani an tura shi wurin dangi a wani gari, bayan shekara a dawo da shi. Dukkanmu huɗu muna da abokan karatu da suka tafi suka dawo, wasu ma sun gama tare da mu. A tsohuwar rajistar takarda, ko malami ya ja layi a kan suna, sunan na nan ana iya karanta shi. A kwamfuta kuwa, gogewa gogewa ce: suna, maki na zango shida, ranar shiga, duk su tafi. Yaron da ya dawo ya tarar babu shaidar ya taɓa zama a aji, ƙafarsa ba za ta yi nauyin sake juyawa ba.

Don haka a jadawalinmu malamin aji ba shi da "Goge". Abin da yake da shi shi ne "Ajiye a gefe". Idan ya danna, zai zaɓi dalili: canjin makaranta, rashin lafiya, ya daina zuwa, ko wani dalili. Sunan zai fita daga jerin yau da kullum ya koma wani jeri na daban, da makinsa cif. A can kuma maɓalli ɗaya ke jiran kowane suna: "Dawo da shi aji", ko "Dawo da ita aji", don mun sa rubutun ya bi jinsin ɗalibi. Wani amfani da ba mu yi tsammani ba ya biyo baya: jerin gefen ya zama takardar da shugaban makaranta ke dubawa ya san gidajen da ya kamata a leƙa.

Gogewa ta gaskiya, ta sunan da aka shigar sau biyu, mun bar wa shugaban makaranta shi kaɗai. Haka ma maɓallin sauke jadawali gaba ɗaya, domin bayanan yara amana ne, kuma tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a. A nan akwai abin da duk mai koyo ya kamata ya riƙe: ɓoye maɓalli ba tsaro ba ne. Wanda ya san kan shafi zai iya tura umarni ko maɓallin ba ya nan. Dole ita uwar na'urar da ke ajiye bayanan ta duba ko wane ne ya turo, kuma ko yana da izini.

Ga mai son gwadawa

Ga 'yan uwanmu ɗalibai da ke koyon wannan sana'a, a Sakkwato ko a ko'ina, ba sai kun mallaki babbar kwamfuta ba kafin ku fara. Ku ɗauki duk fom ɗin da kuka gina, ku miƙa wa wanda zai yi aiki da shi, ku kama bakinku ku zuba ido. Inda yatsansa ya tsaya, nan aikinku yake. Ku tambayi kowane maɓalli abu huɗu. Ya faɗi abin da zai yi da harshen mai dannawa? Yana nesa da wanda zai iya ɓata aiki? Yana ba da amsa bayan an danna shi? Idan an yi kuskure, akwai hanyar dawowa?

Ga waɗanda kuma ba gina shafi suke ba, cike fom kawai suke yi a shagon intanet lokacin rajista, ku ma kuna da rabo a nan. Kada ku bari a danna maɓallin ƙarshe sai kun karanta sunanku harafi bayan harafi, da ranar haihuwa, da darussan da kuka zaɓa, kun ga sun yi daidai da abin da ke kan NIN ɗinku. Layi na da tsawo, mai shago na sauri, amma takardar taku ce, kuma gyara bayan turawa na cin kuɗi da lokaci da zirga-zirga. Ku tambaya ko wannan maɓallin adanawa yake yi ko turawa. Tambaya ba ƙauyanci ba ce.

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A shafin intanet, maɓalli shi ne mafi ƙanƙantar abin da ake ginawa, kuma galibi shi ake bari sai ƙarshe. Amma a bayan kowane layi na jadawalin nan akwai yaro ko yarinya da iyayensu suka tura makaranta da fata. Wanda ya rubuta kalmar da ke jikin maɓalli yana da hannu a abin da zai same su, ko da ba za su taɓa sanin sunansa ba. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya ba dukkan masu shirin jarrabawa sa'a.